Ashe Yana da Gashi

Ranar farko Dakta Weerakoon bai buɗe littafi ba.
Ya ajiye wa kowa ganye ɗaya a kan benci,
ya ce, "Ku dube shi," ya yi ficewarsa.
Minti arba'in muna zaune jugum
kamar masu zaman makoki.
Da ya dawo ya tsaya a kaina:
"Selvarani, gashin bayansa kwance yake ko tsaye?"
Ashe yana da gashi.

Ni da na tashi a gonar shayi ta Maskeliya,
inda uwata ke tsinkar kilo ashirin kafin la'asar,
kwando a baya, igiyarsa a goshi,
na ɗauka na gama da ganye tun ina goye.
Kallo daban, gani daban.

Shekara ta biyu ta reza ce.
Ki riƙe kara tsakanin yatsu,
ki yanka siriri har haske ya ratsa.
Na farko kauri, na goma kauri,
na talatin ya zo da jinin babban yatsana.
Piyadasa mai kula da ɗakin gwaji
ya miƙo auduga, ko kai bai ɗaga ba:
"Kowa ya biya wannan harajin."
Na arba'in da ɗaya na ɗora a gilashi,
na ɗiga masa launi, na sunkuya kan madubi,
sai ga gari guda a cikin tsinke,
bango jikin bango,
hanyar da ruwa ke hawa daban,
wadda zaƙi ke saukowa daban,
babu mai tare wa wani.

Sai dajin Sinharaja,
inda ruwan sama ba ya sallama.
Matsattsaku sun sha rabonsu a ƙwaurina
ina durƙushe cikin fili mai igiya huɗu
ina ƙirga tsiron da bai kai yatsa ba,
'ya'yan itacen da zai girma bayan an manta sunana.
Da dare mu shimfiɗa reshe a tsohuwar jarida,
mu danne da katako, mu ɗaure tamau.
Rubuta rana. Rubuta wuri. Rubuta tsayin tudun,
launin furen kafin ya dushe,
da ƙanshin, in akwai.
Tsiro marar takarda, in ji Dakta, ciyawa ce kawai.
Sunayen Latin kuwa na haɗiye su
kamar ƙwayar magani ba ruwa.

A shekarar ƙarshe na zaɓi cutar
da ke tayar wa ganyen shayi bororo in hazo ya daɗe.
Wata bakwai ina awo,
na zuba lambobi a kwamfuta da zuciya ɗaya,
lissafi ya ƙi ba ni abin da nake so.
Kwana biyu ina kallon wasu lambobi uku
da in na share su komai zai daidaita.
Ban share ba.
Na rubuta: wannan bincike bai tabbatar ba.
A gefen layin Dakta ya sa jan biro:
"Yanzu kin fara."

Da na koma gida uwata ta ce, "To, an samo maganin?"
Na ce tukuna.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Shekara huɗu!"
Sai ta ga ƙaramin madubin da ke rataye a wuyana,
ta ce in ba ta.
Ta zaro toho daga kwando,
irin wanda ta tsinka shekara talatin da ɗaya,
ta kai ido, ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa.

Ana ta kiran layin awo a gindin tudu.
Ba ta motsa ba.
Can ta ce, ba da ni take ba,
"Ashe yana da gashi."